Tof silindar 911 ya tsage: wanne zan saya, kuma a ina?

Tambaya: Ina da tifa Mercedes 911, yashi nake ɗiba da ita. Ta yi obahitin a hanya da lodi, da aka kwance sai makanike ya ce tof silinda, wato murfin ƙarfen da ke rufe saman silindar inji, ya tsage. Yanzu shawara ta rabu. Wasu sun ce in sayi ɗan Beljiyam, wato tsoho da aka shigo da shi daga waje, wasu sun ce sabo na kwali, wani ya ce a kai wa mai walda, wani kuma yana da na injin 366 ya ce zai hau. Wanne ya kamata in bi, kuma ina ake samun na kirki?

Amsa: Malam, sannu da wannan jarrabawa, Allah ya mayar da alheri. Mota tana gareji, direba da yaransa suna zaune, masu gini suna ta bugo waya, dole hankali ya tashi. To wannan gaggawar ita na fi jiye maka, domin yawancin waɗanda na ga sun sayi tof sau biyu a aiki ɗaya, ita ce ta ja musu.

Ga inda na tsaya. Da motata ce, tof na asali wanda ya yi aiki a waje zan nema, wanda lambarsa ta zo daidai da injina, kuma sai an gwada shi da iska a cikin ruwan zafi ina tsaye kafin in cika kuɗi. Idan ban samu irinsa ba sai in koma wa sabo, shi ma da gwajin. Walda sai a wuri ɗaya tak, zan faɗa maka shi. Na 366 kuwa ka bar wa mai 366. Sunan da mai shago ya kira kayansa da shi, ko Beljiyam ko orijina, ba ya tare ruwa. Awo da gwaji ne za su gaya maka abin da ke hannunka.

Amma tukuna, ka sa a nuna maka tsagewar da idonka. Ba wai ina ƙaryata makanikenka ba ne. Alamomin da aka saba gani, kumfa a bakin lagireto, tiyo ya kumbura ya yi tauri, farin hayaƙi a salansa, baƙin mai ya yi fari-fari, duk gasket da ya ƙone shi ma yana kawo su. Kuma wannan injin yana da wata ƙofa da ruwa ke bi wadda ake yawan mantawa da ita. Kowace nozul, wato bakin da ke fesa gas cikin silinda, tana zaune ne a cikin wani ɗan kwaroron ƙarfe da aka ɗaure a jikin tof, ruwa yana zagaye da shi, zoben roba ne ke tare ruwan. Idan zafi ya yi yawa robar takan bushe ta tsattsage, ruwa ya sauka cikin baƙin mai, alhali tof ɗin lafiyarsa ƙalau. Haka na'urar sanyaya baƙin mai da ke gefen bulok, idan ta huje sai mai da ruwa su gauraya. Idan kuma gas ne ke ƙara wa baƙin mai yawa, a duba siririn bututun da ke mayar da ragowar gas, domin a wannan injin nozul da bututun nan duk suna ƙarƙashin murfin bawul. Waɗannan duka gyaran kuɗi kaɗan ne. Idan an wanke tof an nuna maka layin tsagewa daga mazaunin bawul zuwa na kusa da shi, ko zuwa ramin nozul, aka kuma gwada ya yi yoyo, to shi ke nan, sai a shiga neman wani.

Daga nan ka san injin da ke cikin motarka. Lambar 911 da ke jikin mota ba sunan inji ba ce, tana nufin nauyin tan 9 da ƙarfin doki wajen 110, kamar yadda 1113 ke nufin tan 11 da doki 130. Injin da aka fi samu a cikinsu shi ne OM352, wanda Mercedes ta fito da shi a 1964: silinda shida a jere, lita 5.7, tof guda ɗaya na ƙarfen zubi ya rufe su gaba ɗaya. Irin waɗannan motoci ne masana'antar haɗa motoci ta ANAMMCO ta riƙa haɗawa a Emene ta Enugu tun farkon shekarun 1980, shi ya sa suka cika ƙasar nan, kayansu ma suka wadata. Sai dai motar da ta shekara talatin ko arba'in tana ɗibar yashi, da wuya a ce injin da ta fito da shi ne har yau a cikinta. An sauke, an ɗora, an haɗa bulok ɗin wannan da tof ɗin wancan. Saboda haka a kankare dauɗar gefen bulok a karanta lambar inji, a kuma karanta lambar da aka zuba a jikin tsohon tof. Ka ɗauki hotonsu a wayarka.

Dalilin wannan binciken, 352 ba kala ɗaya ba ne. Ya yi shekaru masu yawa ana ƙera shi, ana yi masa canje-canje. Akwai marar turbo mai doki wajen 110 zuwa 130, akwai 352A mai turbo da ke kaiwa 168. An sa shi a manyan motoci, an sa shi a Unimog, a tarakta, a injin girbi, a janareto, har a jirgin ruwa. An ƙera shi a Jamus, an ƙera shi a Brazil, an yi shi a Iran da izinin Mercedes, kuma injinan Tata na Indiya na wancan zamani 'yan'uwansa ne na jini. Daga nesa duk tof ɗinsu kama ɗaya. Sai an zo ɗaurawa a ga ramin da za a ɗaura gidan tamostat, wato na'urar daidaita zafin ruwan inji, bai zo daidai ba, ko babu wurin sa abin auna zafi, ko ramin nozul na wata irin nozul ce daban. Idan injinka mai turbo ne ka ƙara tsanantawa, domin zafin da bawul ɗin hayaƙi da mazauninsa ke sha a can ya fi na marar turbo nesa ba kusa ba. Kada ka karɓi wanda lambarsa ba ta nuna na mai turbo ba ne.

Maganar 366 kuwa, na san abin da ke jan hankalin mutane. Shi ne ya gaji 352 a tsakiyar shekarun 1980, ƙirarsu ta yi kama sosai, kuma tunda ya fi sabunta, tof ɗinsa yakan zo da sauran ƙarfi. Amma faɗin silindar 352 milimita 97 ne, tafiyar fistin 128; na 366 faɗi 97.5, tafiya 133, lita kusan 6. Ko gibin da ake bari a saita bawul ba ɗaya ba ne: a 352 marar turbo milimita 0.20 ne a bawul ɗin iska, 0.30 a na hayaƙi, a 366 kuwa 0.40 da 0.60. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne yadda wuta ke kamawa a ciki. Fuskar tof ɗin waɗannan injina a shafe take, ɗakin ƙonewar yana cikin wani rami a kan fistin. Hanyar iska da ke cikin tof an lanƙwasa ta yadda iskar za ta shiga tana juyawa, nozul kuma tana fesa gas cikin ramin fistin ta wata kusurwa da aka ƙayyade. Tof da fistin da nozul tare aka zana su. Ko da ramukan kusoshi sun hau, mota ta tashi, kana iya samun baƙin hayaƙi, shan gas, da zafin da ba a san daga ina yake ba, makanike ya yi ta taɓa famfon injekta a banza. Wanda ke son 366 ya sayi injin ɗungurungum ya ɗora, wannan aiki ne mai kyau, an sha yi. Gutsure masa tof a ɗora wa 352 shi ne ban yarda da shi ba.

To mu zo kan ɗan Beljiyam, inda aikin yake. Ƙarfen tof na asali yana da kyau ƙwarai, kuma wanda ya yi rayuwarsa a ƙasar sanyi, ana zuba masa ruwan sanyaya inji mai maganin tsatsa, hanyoyin ruwansa sukan zo tas. Matsalar ita ce 352 ya tsufa a Turai ma, na kirki suna ƙaranci, don haka ba duk abin da aka kira ɗan Beljiyam ne ya taɓa hawa jirgin ruwa ba. Wani ɗan gida ne da ya gama wahala a nan, aka wanke shi aka fesa masa fenti. Sabon fenti a jikin tsohon tof ya sa ka ƙara buɗe ido. An taɓa kawo mini wani baƙi wuluk yana sheƙi, mai motar yana ta murna ya yi tsintuwa. Muka sa burushin waya muka kankare kusurwar da ke wajen silinda ta shida, sai ga ruwan walda rawaya ya bayyana, an goge shi da dutse an shafe da gam. Tof na gaskiya da aka cire daga inji yana zuwa da dauɗarsa, da baƙin hayaƙi a fuska, da sawun tsohon gasket.

Wannan dauɗar ma shaida ce, ka karanta ta kafin a wanke. Dubi fuskar silinda shidan nan. Ya kamata baƙinsu ya zo kusan ɗaya. Idan biyar sun yi baƙi, ɗaya ta fita fes kamar an wanke ta, to ruwa ne ya riƙa shiga wannan silindar, tururinsa ya wanke ta. Ajiye shi ka nemi wani. Idan ya tsallake wannan, a cire bawul duka, a wanke shi da kananzir da burushi har ƙarfe ya fito, a fita da shi rana. Wuraren da ya fi tsagewa su ne siririyar gadar da ke tsakanin mazaunin bawul ɗin iska da na hayaƙi, da kuma tsakanin ramin nozul da mazaunin bawul, domin nan ne ƙarfe ya fi siranta kuma wuta ta fi duka. Akwai tsohuwar dabara da ba ta cin ko sisi. A jiƙa fuskar da kananzir, a bar shi ya ɗan jima, a goge ta ta bushe ƙarau, sannan a shafa garin alli, a ɗan ƙwanƙwasa gefen da guduma a hankali. Inda duk akwai tsagewa, kananzir ɗin da ya shige ciki zai fito ya zana siririn layi mai duhu a kan farin allin, ko da ido bai gan shi da farko ba. Wani zai ce maka ɗan tsagewar sama-sama ba ta hana aiki. Gaskiya ne wani lokaci, idan tof ɗinka ne kuma ya ci gwajin iska. Amma wanda za ka sa kuɗi ka saya, ba dalilin da zai sa ka karɓe shi da tabo.

Sai awo. Tof mai tsawon silinda shida idan ya sha zafi yakan bankare. A kifa shi, a ɗora miƙaƙƙen ƙarfen awo a kan fuskarsa, a tsaye, a kwance, da kusurwa zuwa kusurwa, ana gwada zura fila geji, wato siririn ƙarfen auna gibi, a ƙarƙashi. Ƙa'idar da aka saba bi a irin wannan dogon tof, kada gibin ya wuce milimita 0.15 a tsawonsa, 0.05 a faɗinsa. Wanda ya wuce haka sai an yanke fuskarsa a inji. Yankan ba laifi ba ne, amma yana da iyaka, kuma nan ne ake cutar mutane da yawa. Tof ɗin da aka yanka sau biyu sau uku zai ba ka fuska sumul, ƙarfen awo ya zauna daram, alhali naman ƙarfen da ke tsakanin wuta da ruwa ya ƙare. Don haka a auna kaurinsa daga sama zuwa fuska, a gaba da tsakiya da baya, a gwada da mafi ƙarancin kaurin da littafin injin ya yarda da shi. Wanda ya kai iyaka, ranar da ya ƙara yin zafi ba sauran abin yanka, sai 'yan gwangwan. Ni na fi son wanda ba a taɓa yanka ba ko da yana da ɗan bankarewa, in kai shi a yanka mini a gabana in san nawa aka cire.

Yankan yana jawo wasu abubuwa biyu da masu gaggawa ke tsallakewa. Tunda fuskar a shafe take, kuma fistin yana hawowa dab da ita, duk abin da aka cire ya matso da kan bawul kusa da fistin, ya kuma ƙara tsawon bakin nozul da ke leƙowa ciki. Dole a sake gyara mazaunin bawul ya koma zurfinsa na ƙa'ida, a kuma auna leƙowar nozul a daidaita ta da washar jan ƙarfe mai kaurin da ya dace. Akasin haka ma yana faruwa. Tof ɗin da aka yi ta yi wa girandin, wato gogar bawul da mazauninsa, shekara da shekaru, bawul ɗinsa sun nutse ciki, matsin silinda ya ragu, sai ka ga mota da sanyin hunturu tana ta gurnani ba ta tashi, in ta tashi ta cika gareji da farin hayaƙi. Ka dubi zurfin bawul goma sha biyun, na iska su zo ɗaya, na hayaƙi su zo ɗaya. Ka ɗaga kowane bawul kamar santimita ɗaya ka girgiza shi gefe da gefe. Idan yana rawa sosai gaid, wato bututun da sandar bawul ke zirga-zirga a ciki, ya cinye, zai sha baƙin mai. Gaid da mazauni ana canza su, ba sa hana saye, amma kuɗinsu ya fita daga farashin. Ka haska tocila cikin hanyoyin ruwa. Idan tsatsa ta ci bakin ramukan har sun yi faɗi sun matso inda zoben gasket ke zama, bar shi. Ka duba tiredin da ake ɗaura manifol da rokoki, kada a ba ka mai karyayyar kusa a ciki.

Duk wannan ido ne da hannu, kuma akwai tsagewar da ke can cikin hanyar hayaƙi inda ido ba ya kaiwa. Shi ya sa na ce gwajin iska shi ne alƙali. Ana toshe duk ramukan ruwa da faranti da roba, a bar ƙofa ɗaya a sa mata iska kamar bar 2 zuwa 3, a nutsa tof ɗin cikin ruwan da zafinsa ya kai digiri 80 ko kusa, a bar shi ƙarfen ya ɗauki zafi. Zafin ruwan ba ado ba ne: akwai tsagewar da ke rufe bakinta idan ƙarfe ya yi sanyi, sai ya yi zafi take buɗewa. Ka tsaya ka zuba ido. Ƙananan kumfa da ke fitowa a jere daga wuri ɗaya, ko daga ramin bawul ko daga gindin kwaroron nozul, sun gama magana. Idan daga kwaroron ne, a canza robarsa a sake gwadawa kafin a yanke hukunci. Wuraren da ake gyaran karanshaf da bulok a manyan garuruwa, a cikinsu ake samun masu wannan gwajin, wasu ma suna da na maganaɗisu da garin ƙarfe, wanda ke aiki sosai a ƙarfen zubi. Inda babu, rabin duro da itace da kwamfaresar mai faci sun isa, muddin akwai agogon auna iska kuma ba a wuce ƙima ba. Kuɗin gwajin bai kai kuɗin gasket ɗaya na kirki ba.

Sabo na kwali ba abin ƙi ba ne, kada a ce na kushe shi. Na Mercedes kanta ya yi wuyar samu kuma da tsada, abin da ke kasuwa yawanci na wasu masana'antu ne daga Brazil, Turkiyya, Indiya da Sin. A cikinsu akwai masu kyau da za su yi maka shekaru, akwai kuma waɗanda aka zuba da ƙarfe marar inganci, kuma kwalin ba zai bambance maka su ba. Ka ɗora shi a sikeli tare da tsohonka; idan ya fi shi sauƙi sosai, an rage nama a wani wuri. Ka shimfiɗa sabon gasket a fuskarsa ka ga kowane ramin ruwa da na mai ya zo daidai. Ka zura waya cikin hanyoyin ruwa ka busa iska, domin na arha yakan zo da ragowar yashin zubi a ciki, yashin nan ya bi ruwa ya cinye famfon ruwa ya toshe lagireto. Sannan a yi masa awo da gwajin iska kamar tsoho, don sabo ma yana zuwa da ƙananan huji daga wajen zubi. Idan an ba ka zaɓi tsakanin tsirara da wanda aka haɗa da bawul da sifirin, ni tsirara nake ɗauka, in sa bawul na kamfanin da na sani, irin su TRW ko Mahle. Bawul marar asali idan kansa ya guntule ya faɗa silinda, da fistin da tof da kuɗinka duk sun tafi a daƙiƙa ɗaya. Araha ba ta ado.

Walda kuma, ga gaskiyarta. Ƙarfen zubi yana da sinadarin gawayi da yawa a cikinsa, shi ya sa idan aka ɗora masa wutar walda yana sanyi, gefen ɗinkin yakan yi tauri ya yi gautsi, ya sake tsagewa kusa da inda aka gyara. Gyaran ƙwarai sai an gasa tof ɗin gaba ɗaya a tanda ya kai wajen digiri 600, a yi waldar yana cikin zafin, a bar shi ya huce a hankali, sannan a sake yanke fuska a sake mazaunin bawul. Masu wannan kayan aiki ba su da yawa, kuma kuɗin yakan kusa na wani tof ɗin. Inda na yarda da gyara shi ne tsagewar bangon waje, wadda ruwa kawai ke tsattsafowa, ba ta kusa da wuta. Tsakanin bawul da bawul kuwa, inda ƙarfe ke zafi yana hucewa kullum, waldar bakin titi ba ta daɗewa, kuma ranar da za ta saki tana iya cika silinda da ruwa ta lanƙwasa maka kwanrod, sandar da ke haɗa fistin da karanshaf.

Wajen saye, Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna nan ne na kusa, kuma ana samu. Manyan rumbunan tsofaffin injina suna Ladipo a Legas da Mgbuka Obosi kusa da Onitsha, daga can da yawan 'yan kasuwarmu ke saro nasu. Duk inda za ka, ka tafi da tsohon tof ɗinka da sabon gasket, a ajiye su gefe da gefe a ƙasa a bi rami-rami. Mafi kyawun abin da za ka samu shi ne tof da za a kwance a gabanka daga injin da ƙasansa ne ya mutu, misali karanshaf ya karye ko metal ya narke, zafi bai taɓa shi ba. Injin janareto ko na tarakta da bai yi wahala ba shi ma yakan ba da tof mai kyau, in dai ramukansa da nozul ɗinsa sun dace da naka. Ciniki kuma ka yi shi da sharaɗi tun a baki: ka ba da kafin alƙalami, a je gwaji tare da yaron shago, in ya ci ka cika, in ya faɗi a mayar maka da kuɗinka ko a canza. A rubuta wannan a rasit tare da lambar tof ɗin, ka kuma buga masa wata alama taka da kurfi don kada a musanya a hanya. Ɗan kasuwar da ya san kayansa ba ya gudun wannan sharaɗin. Wanda ya ce kaya in sun fita ba sa dawowa, ka yi masa sallama cikin mutunci ka wuce gaba. Ka je da makanikenka, idonsa ya fi naka a nan, amma ka biya shi ladan rakiyarsa a fili kai da kanka, don kada la'adar da zai samu a shago ta zama ita ke zaɓar maka kaya. Idan dole sai ta waya za a saya a saka a mota, a nuna maka lambar da fuskar a bidiyo, ka sa wani naka a can ya kai gwaji, a kuma ɗaure fuskar a kan katako kafin a loda.

Tof mai kyau ma ana kashe shi wajen ɗaurawa. A auna fuskar bulok da ƙarfen awon nan, domin ita ma tana bankarewa. A share ramukan kusoshi a busa su, ruwa ko mai da ya kwanta a ciki yana iya tsaga bulok idan aka ɗaure kusa a kansa. Kusar da ta miƙe ko tiredinta ya ci a canza ta. Gasket a sayi na kirki, irin Elring ko Victor Reinz, a wajen wanda za ka iya komawa gare shi, don ana kwaikwayon kwalinsu. A sa shi a bushe, ba gam ba giris. A ɗaure da sifana mai awo, daga tsakiya ana fita waje, hawa-hawa, da adadin da littafi ya ba wa lambar injinka. Ɗaurin ƙarfin damtse da dogon bututu shi ke bankarar da tof tun bai fara aiki ba. Nozul shida a kai su a gwada feshinsu, a sa wa kowace sabuwar washa guda ɗaya, a tabbata tsohuwar ba ta maƙale a ramin ba.

Sannan abin da na fi so ka riƙe: tof ba ya tsagewa haka kawai, wani abu ne ya kashe shi, kuma abin yana nan cikin motar yana jiran sabon. A kai lagireto a buɗe shi a zure bututansa, a wanke ƙura da yashin da suka toshe shi ta waje. A duba famfon ruwa, fanbel, da murfin lagireto, domin murfin da ba ya riƙe matsi yana sa ruwa ya tafasa da wuri. A mayar da tamostat. Na san an saba cire shi ana cewa ƙasarmu da zafi, amma idan babu shi wani kason ruwan yakan riƙa zagayawa ta gajeriyar hanya ba tare da ya bi ta lagireto ba, kuma inji yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba. Ruwan rijiya da na kududdufin bakin kogi yana barin farin dutse a cikin tof, dutsen ya hana ƙarfe miƙa zafinsa ga ruwa, daidai wurin gadar nan da ke tsagewa. Ka daure ka sayi ruwan sanyaya inji mai maganin tsatsa. Nozul mai ɗiga da taimin da aka matsar gaba don mota ta ƙara ja su ma suna dafa tof. A gyara agogon zafi, tifa da yawa suna yawo nasu a mace. Kuma ka zaunar da direbanka ka gaya masa: idan allura ta hau, ya sauka gefe ya bar inji yana juyawa a hankali idan akwai sauran ruwa, idan ruwan ya zube ya kashe ya jira. Kada ya kuskura ya kwara ruwan sanyi cikin inji mai zafi. Tukunyar ƙasa da ke kan wuta aka zuba mata ruwan randa, kowa ya san abin da ke biyo baya, ƙarfen zubi ma haka yake.

Bayan an tayar, a bar ta ta yi zafi a tsaye ana duba kumfa a lagireto, kwanakin farko kuma a rage mata lodi. Kowace safiya kafin a kunna, a duba ruwa a zaro sandar baƙin mai. Idan irin gasket ɗin da aka sa yana son a sake bin kusoshi bayan ya zauna, a yi, a sake saita bawul a lokacin. Tsohon tof kuma kada ka yi saurin ba 'yan gwangwan. A cire rokoki da sifirin da kwaroron nozul da duk bawul ɗin da ke da sauran rai, gangar jikin kuma a ajiye ta har sabon ya yi wata guda yana aiki, ko da za a buƙaci komawa shago da ita a sake gwada lamba.